Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ƙaramin Birni Ke Tsara Wuraren Shaƙatawa na Shekara Ashirin

A je wurin shaƙatawa shekara huɗu bayan an yanke ƙyallen buɗe shi. Sarƙar lilo ɗaya ta tsinke, an naɗe ta a jikin ƙarfen sama don kada yara su kama. Bandaki na garƙame da kwaɗo tun ranar da bututunsa ya toshe. Gaban ragar ƙwallo ya zama tsurar ƙasa, in aka yi ruwa ya koma taɓo. Daga cikin itatuwa arba'in da aka dasa, goma sha biyu ne suka yi ganye, sauran sanduna ne a tsaye da igiyar da aka ɗaure su tun ranar dashe. Sau da yawa babu wanda ya saci ko sisi, ɗan kwangila ma ya yi aikinsa daidai. Inda aka kuskure tun a takarda ne: an lissafa kuɗin gini, ba a lissafa wanda zai biya kuɗin shekara ta huɗu ba.

Tsarin dogon zango na wuraren shaƙatawa shi ne kundin da ke hana irin wannan. Yakan hango shekara 10 zuwa 20, a cikinsa akwai jadawalin ayyukan gini na shekara biyar, sannan a riƙa waiwayarsa kowace shekara lokacin kasafi. Mutane sun fi kallon zanen da ke bangon kundin, da korayen itatuwa da yara na gudu. Amma tambayoyi biyu ne ke riƙe da shi: wace ƙasa za a kama tun yanzu kafin gini ya cinye ta, kuma me gari zai iya kula da shi bayan an gina. Ƙaramin birni ya fi babba buƙatar amsar, domin ma'aikatansa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kuskure ɗaya babba na iya cinye masa kasafin shekaru.

A fara da ƙirga abin da ke hannu

Matakin farko ba shi da armashi, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Mutum biyu za su taka ƙafa su zagaya kowane wuri da takarda da kyamara. Kowane fili a rubuta girmansa, da iyakarsa, da takardar mallakarsa. Wannan na ƙarshe yakan ba da mamaki: filin da yara suka yi shekara talatin suna ƙwallo a kai, sai a tarar ko dai na wani ne, ko kuma na hukuma ne amma babu takardar da ta keɓe shi don wasa. Irin wannan fili rana ɗaya ake wayar gari a ga an zube bulo.

Bayan ƙasa sai kaya. Benci, fitila, kwandon shara, lilo, shinge, famfo, rufin rumfa, kowane ɗaya a ba shi lamba, a rubuta shekarar da aka sa shi, a ba shi maki daga 1 zuwa 5 bisa halin da yake ciki, a ƙiyasta shekarun da suka rage masa da abin da zai ci in za a sauya shi yau. In aka tara kuɗin duk abubuwan da lokacin gyaransu ya wuce ba a yi ba, abin da ya fito shi ne bashin gyara. Bashi ne na gaske duk da babu mai zuwa karɓa, kuma yana hayayyafa: rufin da ba a liƙe ba bana, baɗi har da katakon ƙarƙashinsa za a sauya. Majalisar gari ta ga wannan adadi kafin ta ga zanen kowane sabon wuri.

A cikin ƙirgar a saka har da wuraren da ba na hukumar ba amma jama'a na amfani da su, musamman filayen makarantu. Za mu dawo kansu.

Yawa daban, kusa daban

Tsohuwar hanyar auna wadata ita ce eka nawa ga mutum dubu. A Ingila an daɗe da ma'aunin eka 6, wato hekta 2.4, ga kowane mutum 1,000. A Amurka an yi shekaru ana ambaton eka 10, kusan hekta 4. A ɗauki gari mai mutum 30,000: ma'aunin farko zai ba shi hekta 72, na biyu hekta 120. In garin na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, cikin shekara 23 zuwa 24 jama'arsa za ta ninka, buƙatar ƙasar ma ta ninka, alhali a lokacin filayen da ke kusa duk sun zama gidaje.

Wannan ma'auni na da amfani wajen sanin yawan ƙasar da za a nema, amma yana ɓoye abu ɗaya. Gari na iya cika adadin da katafaren wuri guda a bakin gari, yayin da yaron da ke tsakiyar tsohuwar unguwa bai taɓa taka shi ba. Shi ya sa masu tsari suka koma auna nisa. Mutum na tafiyar kusan mita 80 a minti ɗaya, don haka minti goma kusan mita 800 ke nan. A shekarar 2017 wasu ƙungiyoyi a Amurka suka ƙaddamar da kamfen na cewa kowa ya samu wurin shaƙatawa cikin tafiyar minti goma daga gidansa. A 2021 kuma wani masanin itatuwan birni, Cecil Konijnendijk, ya fito da ƙa'idar 3-30-300: mutum ya iya hango itace uku daga gidansa, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 na unguwarsa, kuma kada koren wuri mafi kusa ya wuce mita 300.

Inda ake zamewa shi ne wajen zana taswirar. Mai sauri zai ɗora tsinken kamfas a tsakiyar wuri ya zana da'irar mita 800, ya ce duk wanda ke ciki ya samu. Mutum ba tsuntsu ba ne. A auna daga ƙofar shiga, a bi tituna yadda ƙafa za ta bi, a tsaya duk inda aka ci karo da babban titi marar wurin tsallakawa, ko layin dogo, ko kogi, ko doguwar katanga. In aka yi haka da'irar kan tsuke sosai, wani lokaci har rabin gidajen da ake zaton an wadatar su faɗo waje. Abin daɗin shi ne maganin ba kullum sabon fili ba ne. Buɗe ƙofa ta biyu a bayan shinge, ko ɗan gadar ƙafa a kan magudanar ruwa, na iya shigo da gidaje ɗaruruwa cikin tafiyar minti goma da kuɗin da bai kai na lilo biyu ba.

Sai a ɗora taswirar jama'a a kan wannan: ina yara suka fi yawa, ina tsofaffi, ina gidajen haya marasa tsakar gida, ina masu ƙaramin ƙarfi da ba su da abin hawa. Unguwar da ta haɗa cunkoso da rashin wuri ita ce ta farko a layi, ko da kuwa ba ta da mai magana da yawunta a majalisa.

Jin ta bakin jama'a

Taron jin ra'ayi yana da kyau, amma a san su wa ke zuwa. Masu ƙungiya ne, masu lokaci, masu abin da suke so a gina. Kulob ɗin ƙwallo zai cika zaure, uwa mai goyo da ke son inuwa da bandaki mai tsabta ba za ta zo ba, matashiyar da ke tsoron bi ta wurin da yamma ita ma haka. In aka tsara bisa ƙarar murya, gari zai cika da filayen gasa, alhali abin da akasarin mutane ke yi a wurin shaƙatawa tafiya ce da zama.

Gyaran wannan abu biyu ne. Na farko, tambayar gidajen da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga kowace unguwa. Amsa daga gida kusan 400 ta isa ta ba da hoton gari da kuskuren da bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba. Kuma kada a tambayi mutum me yake so kawai, domin kowa zai ce komai. A ce masa ga maki 100, raba su tsakanin gyaran abin da ke akwai, sayen ƙasa, hanyoyin tafiya, filayen wasa da wurin ninkaya. Nan ne gaskiya ke fitowa. Na biyu, ƙirga da ido: a tsaya a kowane wuri da safe, da rana, da yamma, ranar aiki da ranar hutu, a rubuta mutum nawa, shekarunsu, maza ko mata, me suke yi. Wurin da mata da ƙananan yara suka ƙaurace masa yana da matsala, ko da ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau.

Ƙasa tukuna

Duk abin da ke cikin kundin ana iya ɗage shi, ban da ƙasa. Lilon da ba a saya ba bana yana nan a kasuwa baɗi. Filin da aka yanka aka sayar ya tafi ke nan. Birnin New York ya samu izinin kama ƙasar babban wurin shaƙatawarsa, Central Park, a 1853, lokacin da gine-ginen birnin ba su kai can ba tukuna, aka zaɓi zanen da masu tsara wurare biyu, Olmsted da Vaux, suka yi a 1858. Yau wurin na da eka 843 a tsakiyar ƙasar da ke cikin mafi tsada a duniya. Sai dai a tuna an tashi mutum kusan 1,600 da ke zaune a wurin, ciki har da al'ummar Seneca Village wadda akasarinta baƙaƙen fata ne. Wannan ma darasi ne: in aka makara har mutane suka zauna, samun fili sai da hawayen wasu.

Ƙaramin birni ba shi da kuɗin saye da yawa, don haka ya haɗa hanyoyi. Mafi ƙarfi ita ce doka a kan masu yanka filaye: duk wanda zai raba babban fili zuwa fulotai ya ware kaso don wurin shaƙatawa, ko ya biya kuɗi a madadinsa. A jihar Kalifoniya dokar Quimby ta ba garuruwa ikon neman eka 3 ga kowane mutum 1,000 da sabon rukunin gidaje zai kawo, a wasu yanayi har eka 5. Amma dokar da ta faɗi yawa ba ta faɗi iri ba, rijiya ce ta bayar guga ya hana. Mai fili zai miƙa gangaren da ba ya ginuwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko siririn ziri a bayan katangu inda ba mai gani. Dole dokar ta fayyace cewa filin ya zama dunƙule wuri guda, akasarinsa shimfiɗaɗɗe, ba ya kwanciyar ruwa, kuma yana da fuska mai faɗi a kan titi. In rukunin ƙarami ne har kason da zai fito bai isa komai ba, gara a karɓi kuɗin a tara a asusu na musamman da ba a taɓa shi sai don sayen ƙasa a wannan shiyyar.

Hanya ta biyu ita ce bakin rafi da wuraren da ambaliya ke kwanciya. Ƙasa ce mai araha domin bai kamata a gina gida a kanta ba, kuma in aka mai da ita koren ziri ta yi aiki biyu. Birnin Curitiba na Brazil ya yi haka da wurin shaƙatawa na Barigui da aka buɗe a 1972, inda tafkin da ke tsakiya ke riƙe ruwan kogi lokacin ambaliya. Sharaɗin shi ne abin da za a sa a ƙasan kwari ya zama mai jure nutsewa, kamar hanyar tafiya da buɗaɗɗen fili. Bandaki, akwatin lantarki da kayan wasan yara su hau tudu.

Ta uku, yarjejeniya da makarantu a buɗe filinsu bayan an tashi. Tana da araha, tana kuma yawan rushewa, kusan kullum a kan ƙananan abubuwa: wa ke riƙe mabuɗi, wa ke kwashe shara kafin safiya, wa zai biya in an fasa taga, wa ke da alhaki in yaro ya ji rauni. A rubuta amsar kowace a takarda, da sa hannun hukumomi, kada a dogara da fahimtar juna tsakanin shugaban makaranta da wani jami'i, domin ɗayansu na barin kujera magana ta mutu.

Filin da aka samu ba lallai a gina shi nan take ba. A yi masa safiyo, a kafa duwatsun iyaka, a yi rajistarsa a matsayin wurin jama'a, a dasa itatuwa a kewaye, a sa allo. Filin da aka bari ba alama, shara ce ke fara zama a kansa, daga nan rumfa, daga nan gini.

Lissafin da ake gudu

Kowane abu da aka gina yana zuwa da kuɗi kashi uku: na gini, na kula da shi kowace shekara, da na sauya shi in ya tsufa. Tallafi da kyauta da rance kusan kullum na farkon kawai suke biya. Sauran biyun daga aljihun gari za su fito, shekara bayan shekara, kuma kaso mafi girma na kuɗin kulawa albashin ma'aikata ne.

Filin ƙwallo ya isa misali. Cikakken fili mai mita 105 da 68 yana da murabba'in mita 7,140. A lokacin zafi ciyawa kan sha kusan milimita 5 na ruwa a rana, wato lita 35,700 kowace rana ga fili ɗaya. Kafin a zana shi a tambaya daga ina ruwan zai fito, wane injin zai tura shi, wa zai biya wutar. Sannan ciyawa tana da iyakar abin da take ɗauka. Ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila ya nuna fili mai kyau yana jure wasan manya kusan uku a mako, matsakaici biyu, marar kyau ɗaya. In ƙungiyoyi takwas za su yi atisaye a kai kullum, cikin wata biyu ƙasa ta daddaƙu, ruwa ya daina shiga, saiwa ta shaƙe, ciyawa ta mutu daga gaban raga zuwa tsakiya. Ciyawar roba tana ɗaukar sa'o'i masu yawa, amma ba ta tsira daga lissafi ba: shimfiɗarta kan yi shekara 8 zuwa 10, tana buƙatar shara da ƙarin ɓarɓashin da ke tsakanin zarenta, kuma da rana tsaka takan yi zafin da ba a iya wasa a kai. Garin da ya shimfiɗa ta bai ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sauyawa kowace shekara ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Haka ake yi wa kowace kadara: a raba kuɗin sauyawa da shekarun rayuwarta, abin da ya fito a zuba shi a asusun ajiya duk shekara. Kayan wasan yara da za su yi shekara 15, kusan kashi 7 cikin 100 na kuɗinsu ke nan a shekara. Wurin ninkaya shi ne ya fi kowa haɗari ga ƙaramin gari. Ga sinadarin tsabtace ruwa, ga injin tacewa da ba ya hutawa, ga masu ceto da dole su kasance a wurin duk lokacin da ƙofa ke buɗe, kuma da wuya kuɗin shiga ya biya abin da yake ci. Ba haramun ba ne gari ya gina shi, amma ya shiga da idonsa a buɗe, ya rubuta giɓin da zai riƙa cikewa kowace shekara.

Ko Central Park ɗin bai tsira ba. A shekarun 1970, da birnin ya shiga matsin kuɗi, filayensa suka koma ƙura, gine-ginensa suka lalace, sai da aka kafa ƙungiyar kula da shi a 1980 aka fara farfaɗo da shi. In haka ta samu New York, garin mutum dubu talatin sai ya yi wa kansa faɗa.

Game da karɓar kuɗi daga jama'a, ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da amfaninsa na kowa ne, kamar hanya, inuwa da wurin wasan yara, haraji ya ɗauke shi, a bar ƙofa a buɗe. Abin da mutum ko ƙungiya ke keɓe wa kanta, kamar hayar rumfa don biki, ko fili da fitila don gasa, mai amfani ya biya cikakken abin da ya ci. A tsakiya akwai darussan wasanni na yara, inda ake raba nauyin, a kuma tanadi rangwame ga marasa hali.

Ƙananan ma'aunai masu tsone ido

Kundin ya ƙunshi shafukan ƙa'idojin gini da duk ɗan kwangila zai bi, domin nan ne ɗan hakin da aka raina ke aikinsa. A wurin wasan yara akasarin raunuka daga faɗowa ne, don haka abin da ke ƙasa ya fi abin da ke sama muhimmanci. A bar sararin mita 1.8 kewaye da kowane kayan hawa, a gaban lilo da bayansa kuma ninki biyu na tsayin ƙarfen da aka rataye shi. In yashi ko ɓarɓashin katako za a zuba, a zuba santimita 30, domin zai danne ya koma kusan 23, kuma a ƙarƙashin lilo ƙafafun yara na tone shi, sai an riƙa mayarwa da rake kowane mako. Kada a bar wata kafa mai faɗin tsakanin santimita 9 da 23, domin jikin ƙaramin yaro zai wuce, kansa ya maƙale. A raba wurin 'yan shekara 2 zuwa 5 da na 'yan 5 zuwa 12. Abin zamewa na ƙarfe da ke kallon rana yana ƙona fata, a sa masa inuwa ko a juya shi.

Hanyar tafiya kada gangarenta ya wuce 1 cikin 20, gangaren hawan keken guragu kuma 1 cikin 12. Inda masu keke da masu ƙafa za su haɗu, faɗin ya kai mita 3. Filayen wasa a miƙe su kudu da arewa don kada rana ta shiga idon 'yan wasa da yamma, a ba su ɗan gangare na kusan kashi 1 cikin 100 ruwa ya samu hanyar fita. Shuke-shuken gefen hanya a riƙe su ƙasa da ƙugu, rassan itatuwa a ɗage su sama da mita 2, ta yadda mai wucewa a titi zai ga cikin wurin. Bandakin da aka ɓoye a lungu don kada ya ɓata kyan wuri shi ne na farko da ake fasawa. A kawo shi kusa da ƙofa inda ido ke kai.

Wani abu da ƙananan garuruwa ke raina shi ne daidaita kaya. In kowane wuri yana da nasa irin benci, nasa irin fitila, nasa irin kan famfo, ma'ajiyar kayan gyara sai ta zama kasuwa. Iri ɗaya ko biyu a duk gari, ma'aikaci ya ɗauki sifana ɗaya ya gama zagaye.

Cikin kayan da ake sawa a wurin shaƙatawa, itatuwa su ne kaɗai kadarar da darajarta ke hawa da shekaru, su ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akasarin waɗanda ke mutuwa cikin shekara biyu zuwa uku na farko suke mutuwa, saboda ƙishirwa, ko dashe mai zurfi da ya binne wuyan saiwa, ko igiyar da aka manta ba a kwance ba har ta shiga cikin ɓawo. Rami ya fi tushen faɗi sau biyu zuwa uku, amma kada ya fi shi zurfi. Kwangilar dashe ta haɗa da ban ruwa na shekara biyu aƙalla, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin sai an ƙirga masu rai. Itace ɗari da aka shayar sun fi dubu da aka ɗauki hoto da su. Kada kuma a cika gari da iri ɗaya. Garuruwan Amurka da Turai da suka jera itacen elm titi bayan titi sun yi asarar miliyoyinsu ga cuta guda a ƙarni na 20, sannan wani ƙwaro da aka gano a Michigan a 2002 ya maimaita haka da itacen ash. Daga irin wannan ne ƙa'idar da masanin itatuwa Frank Santamour ya fitar a 1990 ta samu karɓuwa: kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 na itatuwan gari, jinsi ɗaya (ire-iren da suka fi kusa da juna) kashi 20, babban dangi ɗaya kashi 30.

Jeri da waiwaye

Bayan an tara duk wannan sai a jera ayyuka. Abin da ke iya raunata mutum shi ne farko, ba a jiran kasafin baɗi: a gyara ko a cire. Daga nan kama ƙasa a shiyyar da gari ke faɗaɗa, sai rage bashin gyara, sai cike giɓin unguwannin da ba su da komai. Manyan sababbin gine-gine su ne na ƙarshe, kuma kowanne ya zo da layi a kasafi mai nuna ma'aikaci nawa da kuɗi nawa zai ci a shekara, da inda za su fito. Babban wuri a gina shi kashi-kashi, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa, magudana da bututun ruwa da bututun wayar lantarki, a binne shi gaba ɗaya tun kashin farko, don kada a fasa sabuwar hanya bayan shekara uku. A bar wani ɓangare a buɗe ba komai, domin wasan da matasa za su so nan da shekara goma sha biyar ba wanda ya san shi yau, kuma shimfiɗaɗɗen fili ya fi kowane gini sauƙin sauya aiki.

Majalisa ta amince da kundin a hukumance, a kuma ɗaure shi da babban tsarin amfani da ƙasa na gari, in ba haka ba sashen da ke ba da izinin gini zai ci gaba da aikinsa kamar babu shi. Kowace shekara a fito da shafi ɗaya ga jama'a: kashi nawa na gidaje ke cikin tafiyar minti goma, bashin gyara ya hau ko ya sauka, itace nawa cikin waɗanda aka dasa ke raye, nawa ke cikin asusun ajiya. Duk shekara biyar a sake ƙirgar kaya da tambayar gidaje.

Gwajin kundin yakan zo ne ranar da wani mai hali ko wata ƙungiya ta kawo kyautar abin da ba ya cikin jeri, misali maɓuɓɓugar ruwa mai fitilu a tsakiyar dandali. Ƙin kyauta yana da nauyi, karɓarta kuma ɗaukar ɗawainiya ce ta shekara ashirin. Don haka a rubuta ƙa'idar tun kafin mai kyautar ya zo: a nuna masa jerin abubuwan da gari ke buƙata ya zaɓa daga ciki, in kuma ya dage a kan nasa, ya haɗa da kuɗin kula da shi na adadin shekarun da aka ƙayyade, tare da yarda a rubuce cewa gari na da ikon cire shi in ya tsufa.